Teyuna bai ɓata wa masu shi ba

Tun da na dawo daga Kolombiya sunan nan yake tsaya min a rai: Ciudad Perdida, wai Ɓataccen Birni. Na je, na gani da idona, kuma ban yarda da sunan ba.

Kufai ne na mutanen Tairona, can cikin duwatsun Sierra Nevada de Santa Marta. An gina shi wajen shekara ta 800, kusan shekara 650 kafin Machu Picchu na ƙasar Peru. Mota ba ta kai mutum. A ƙauyen El Mamey ake sa ƙafa, kwana huɗu zuwa da dawowa, cikin ƙungurmin daji, ga laka ga sauro, rigarka ba ta bushewa ko da dare. Ranar da za a isa, sai an tsallaka kogin Buritaca a kama hawan matakalar dutse kusan 1,200, sirara, masu santsi, ba ka iya ɗora tafin ƙafarka gaba ɗaya a kan wasu. Da ka kai sama sai daji ya buɗe, ga dandamali zagaye-zagaye na dutse, wani bisa wani, inda da gidaje suke. Wallahi na daɗe a tsaye ban ce uffan ba.

To amma yaya aka yi aka "gano" shi? A farkon shekarun 1970 masu tonon kaburbura don neman zinariya suka faɗa kansa, suka yi ta wawura, har kayan suka fara bayyana a kasuwa. Sai a 1976 masana kayan tarihi na gwamnati suka iso. Su kuwa Kogui da 'yan uwansu Wiwa da Arhuaco da Kankuamo, jikokin waɗanda suka gina shi, sun ce dama suna zuwa wurin, shiru kawai suka yi. Sunansa a bakinsu Teyuna. Mutanen da Sifaniyawa suka fatattaka zuwa kan duwatsu wajen 1600 saboda ƙasa da zinariya, ai ba a tambayarsu dalilin yin shiru. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya ja da baya.

Abin da ya fi sosa min rai ya faru ne a hanya, kusa da ƙauyen Mutanzhi, mai bukkoki na ciyawa. Wani dattijo na zaune cikin fararen tufafi, jakar saƙa rataye a kafaɗa, yana riƙe da poporo. Ɗan duma ne da ake zuba farin gari na ƙonannen bawon katantanwar teku a ciki. Yakan tsoma tsinke ya kai baki inda yake taunar ganyen koka, sannan ya goga tsinken a wuyan duman, har wani kauri mai rawaya ya taru a wurin saboda shekaru. Ba a ba yaro poporo sai ya zama namiji. Idan maza biyu suka haɗu, kowa ya ɗebi ganye ya zuba a jakar ɗan uwansa, gaisuwar ke nan; nan take na tuna yadda dattawanmu suke miƙa wa juna goro. Ina cikin kallon wannan sai ɗaya daga cikin abokan tafiyarmu ya matso da waya dab da fuskar mutumin, babu sallama babu neman izini, ya ɗauka ya wuce. Dattijon bai ɗago ba. Ni ce mini aka yi in na shiga gidan mutane in tsaya a zaure sai an ce shigo, shi ya sa kunya ta kama ni kamar ni na yi.

Ban ce kada a je ba. Kuɗin baƙi yana ciyar da masu alfadarai da masu dafa abinci da 'yan jagora, a yankin da a 2003 'yan tawayen ELN suka sace baƙi takwas. Amma wanda zai je ya nemi ɗan jagora daga cikin mutanen wurin, ya tambaya kafin ya ɗaga waya, ya daina jefa wa yara alewa don su tsaya masa hoto. Kogui suna kiran kansu yayye, mu sauran duniya ƙanne, kuma shugabannin addininsu, mamo, sun daɗe suna cewa ƙannen na lalata ƙasa. A 2022 UNESCO ta sa ilimin gadon ƙabilun nan huɗu cikin kayan gadon duniya. Kuma a watan Satumba akan rufe hanyar ga baƙi, mamo su hau su yi tsarkin wurin su kaɗai. Da ni ake tambaya, da na ce a ƙara musu wata guda.