Rooney da tsakiyar fili: komawa baya ba hutu ba ne

Da zarar ɗan wasan gaba ya haura shekara talatin, gudu ya fara raguwa, sai ka ji masu kallo suna cewa, "A mayar da shi tsakiya mana, ai yana da fasin." Ana faɗin maganar nan cikin sauƙi, sai ka ce tsakiyar fili wurin hutu ne. Ni dai ban yarda ba, kuma hujjata Wayne Rooney, mutumin da har gobe nake jin zafi idan an raina abin da ya yi wa ƙwallo.

Rooney yana ɗan shekara 16 a Everton ya ɗirka wa Arsenal ƙwallon nan a Oktoban 2002, wadda ta katse musu wasa 30 a jere ba tare da an doke su a Firimiya ba. Ranar da ya fara sa rigar Manchester United a 2004, uku ya zura wa Fenerbahce. A kakar 2009/10 ya ci 34 a dukkan gasa, ya sake cin 34 a 2011/12. To, wanda ya fara karo da manyan 'yan baya tun yana 16, kuma salon wasansa duk ƙarfi ne da ture da bin ƙwallo har gida, ba zai kai talatin da jiki irin na sauran 'yan talatin ba. Kafin 2016 kowa ya ga wannan zaburar ta taku biyar na farko ta tafi. Idon yana nan, ƙafar dama tana nan, amma ɗan baya ya daina fargabar Rooney zai wuce shi da gudu.

Sai Marcus Rashford ya ɓullo a Fabrairun 2016 lokacin da Rooney ke jinya. Da ya warke, kocin United Louis van Gaal ya ajiye shi a tsakiya. Masu cewa dabarar ta yi kyau kullum wasan ƙarshe na kofin FA suke kawowa, wanda aka yi da Crystal Palace a Wembley a watan Mayun shekarar. Gaskiya ne, ya yi wasa ranar. Palace na gaba da ci ɗaya, saura minti goma, ya ɗauki ƙwallo ya ratsa 'yan Palace yana yanke su ɗaya bayan ɗaya, ya karkata dama, ya ɗago ta can turken baya, Fellaini ya sauke ta da ƙirji, Mata ya farke. Lingard ya ƙarasa aikin a ƙarin lokaci. Amma jama'a ku sake kallon wannan ƙwallon da kyau. Abin da Rooney ya yi aikin ɗan gaba ne tsantsa: ya fuskanci raga, ya tunkari masu tsaron baya. Kuma ya samu sukunin yin haka ne domin Michael Carrick na tsaye a bayansa yana tsare gida.

Bayan makonni kaɗan kocin Ingila Roy Hodgson ya tafi da shi gasar Turai a Faransa a matsayin ɗan tsakiya. Ran 27 ga Yuni a birnin Nice, Rooney ya ci fenareti a minti na 4, Iceland ta rama, ta ƙara, sannan ta koma gida ta rufe ƙofa. A nan ne aka buƙaci mai riƙe ragamar wasa, wanda zai kwantar wa 'yan uwansa hankali, ya riƙa juya ƙwallo da gajeren fasin har sai ɓaraka ta samu. Abin da aka gani bayan hutun rabin lokaci kuwa, ƙwallo na zille wa kyaftin daga ƙafa, fasin na tafiya inda babu kowa. Aka cire shi dab da tashi, Ingila ta fita da 2-1, Hodgson ya ajiye aiki a daren.

Ba lalaci ba ne, ba kuma rashin basira ba. Sana'ar ce daban. Ɗan gaba ya shekara goma sha biyar yana karɓar ƙwallo da sanin cewa mai takura masa yana bayansa, zai jingina da shi, ya kare ta da jiki. A tsakiya kuwa ta ko'ina ake zuwa. Sai ka waiga kafin ƙwallon ta iso, ka buɗe jikinka gefe guda, ka san inda za ka kai ta tun ba ta taɓa ƙafarka ba. Ku lura da Busquets ko Carrick, wuyansu ba ya tsayawa. Sannan ga farashin kuskure. Idan ɗan gaba ya zubar da ƙwallo, riba ya rasa. Idan lamba shida, wato ɗan tsakiya mai tsare gaban 'yan baya, ya zubar da ita, uwar kuɗi ya taɓa, domin tsakaninsa da golansa 'yan baya biyu ne kawai. Duk rayuwar ɗan gaba an koya masa ya gwada abu mai haɗari, in bai shiga ba ya sake gwadawa. Ba a kankare wannan ɗabi'a a wata uku.

Akwai kuma doguwar ƙwallon nan da Rooney ke so, wadda yake ɗagawa daga tsakiya zuwa gefen fili. Tana da daɗin kallo, a gidan kallo har tafi ake yi mata. Sai dai kafin ta sauka, 'yan bayan abokan hamayya sun riga sun matsa sun gyara tsayuwa. José Mourinho, wanda ya gaji Van Gaal a United, bai ɓoye ba a taronsa na farko da 'yan jarida a Yulin 2016: ya ce a wurinsa Rooney zai iya zama lamba tara ko goma ko tsakaninsu, amma ba shida ba, ba ma takwas ba, kuma kowa na iya ba da fasin mai kyau idan ba a takura masa ba. Maganar ta yi tsauri ga kyaftin ɗin ƙungiya, amma akwai gaskiya a cikinta.

Masu kawo misalin Andrea Pirlo suna manta shekarunsa. Yana ɗan shekara 21 Carlo Mazzone ya ja shi baya a Brescia, Ancelotti ya ɗora a Milan, ya kuma ajiye masa Gattuso yana yi masa gudu. Schweinsteiger yana 25 Van Gaal ya dawo da shi tsakiya daga gefe a Bayern. Da ƙuruciyarsu suka koyi aikin. Wanda na san ya yi wannan hijira da tsufa kuma ta karɓe shi, shi ne Dwight Yorke: yana 34 ya jagoranci Trinidad da Tobago daga gaban 'yan baya a gasar cin kofin duniya ta 2006, suka riƙe Sweden babu ci, daga nan Roy Keane ya yi amfani da shi haka a Sunderland suka hau Firimiya. Amma dubi inda abin ya yiwu: ƙasar da ta zo tare gida, da gasa mai daraja ta biyu. Shi ma Rooney sai a Derby County, a 2020 ƙarƙashin Phillip Cocu, ya samu sararin zama a baya yana raba ƙwallo yadda yake so.

Abin da ke ci mini rai shi ne, wannan kai-komon ya sa wasu matasa suna tuna Rooney a matsayin mutumin da aka rasa inda za a ajiye. Mutumin da ya ci wa United 253, ya wuce Bobby Charlton da bugun tazara a gidan Stoke a Janairun 2017, ya ci wa Ingila 53, ya ci 208 a Firimiya, ya kuma bayar aka ci sama da 100. Bai taɓa ƙin wurin da aka sa shi ba, tun zamanin da Ferguson ke tura shi gefe domin Ronaldo ya sake. Ko a Amurka, yana 32, shi ne ya bi ɗan Orlando da gudu a minti na 96 lokacin da ragar ƙungiyarsa DC United ke buɗe babu gola, ya kwanta ya ƙwace ƙwallon, ya tashi ya aika wa Acosta ya sa kai ya ci. Mai irin wannan zuciya ba zai ce wa koci a'a ba. Kociyoyin ne ya kamata su kare shi daga aikin da ba nasa ba.

Ba cewa nake kada ɗan gaba ya ja baya ba. In kiɗa ya canza, dole rawa ta canza. Amma taku goma zai ja, ba talatin ba; ya tsaya a ratar da ke tsakanin 'yan bayan abokan hamayya da 'yan tsakiyarsu, inda har yanzu raga na cikin idonsa, a zuba masa masu gudu a gaba da mai tsare gida a baya. Haka Harry Kane ya yi a Tottenham a kakar 2020/21: yana saukowa, Son yana kutsawa, ya gama Firimiya da ƙwallo 23 da taimako 14, ya fi kowa a duka biyun. Kane an haife shi a 1993, kuma na fara jin ana cewa nan gaba kaɗan ɗan tsakiya zai koma tunda ya iya doguwar ƙwallo. Ina fatan Bayern da Ingila ba za su saurari wannan ba. Ya sauko ya karɓa, ya juya, ya saki mai gudu, sannan ya bi sawu ya shiga da'irar gola. Aikin lamba shida a bar wa Kimmich da Declan Rice.