Ku bar Hank da Cash su huta

Jiya na kunna sababbin waƙoƙin kantiri, wato salon kiɗan karkara na Amurka, a mota, kafin na isa gida mawaƙa uku sun ambaci Johnny Cash ko Hank Williams, tsofaffin gwanayen wannan kiɗa. Haba jama'a! Kiɗan duk na kwamfuta ne, ko goge babu, baitocin kuwa a-kori-kura, giya da hanyar ƙauye. Sai a cusa sunan mamaci a tsakiya don a ce ɗan gado ne.

Hank ya rasu a 1953 yana ɗan shekara 29, amma muryarsa kaɗai ta isa ta gaya maka ya sha baƙin ciki. Cash har kurkukun Folsom ya shiga a 1968 ya yi wa fursunoni waƙa. Yaran nan na Nashville, birnin da yake cibiyar kiɗan kantiri, me suka ɗauko banda suna? Wallahi abin yana ƙona min rai.