Cin Amanar Wa? Maganar Snowden Da Kalmar Da Aka Toshe Bakin Jama'a Da Ita

Tun 2013 nake bibiyar rigimar Edward Snowden, Ba'amurken da ya fallasa takardun sirri kan yadda gwamnatin ƙasarsa ke tattara bayanan jama'a, kuma har yau in na ji an kira shi maci amanar ƙasa sai kalmar ta tsaya mini a maƙogwaro. Ba wai ina ganinsa waliyyi ba ne, zan zo kan laifinsa. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda aka ɗauki kalma mai nauyi irin wannan aka mayar da ita sandar kora, ana kaɗa mutane da ita don kada su tsaya su kalli abin da aka bankaɗo.

Bari in fara da ranar 12 ga Maris, 2013, wata uku kafin duniya ta san sunansa. Kwamitin leƙen asiri na majalisar dattawan Amurka yana zama a bainar jama'a, kyamarori na ɗauka. Sanata Ron Wyden ya tambayi James Clapper, daraktan da ke saman duk hukumomin leƙen asirin ƙasar, ko NSA, hukumar da ke tatsar bayanan sadarwa, tana tattara wani irin bayani a kan miliyoyin Amurkawa. Ba tambayar bazata ba ce, domin Wyden ya ce tun jajibirin zaman ya aika da ita ofishinsa. Clapper ya sunkuyar da kai, yana shafa goshi, ya ce a'a. Da aka nanata masa, sai ya ƙara da cewa ba da gangan ba. Ku nemi hoton bidiyon ku kalli hannun nan da ke kan goshi.

Ranar 5 ga Yuni jaridar Guardian ta buga umarnin wata kotun sirri da ke tilasta wa kamfanin waya na Verizon miƙa wa NSA bayanan kiran abokan hulɗarsa, kullum ta Allah, ba tare da an zargi kowannensu da komai ba. Washegari ita da Washington Post suka fito da labarin shirin PRISM, wanda ake karɓar bayanai da shi daga manyan kamfanonin intanet irin su Google da Facebook da Microsoft. Ranar 9 ga wata sai ga wani matashi ɗan shekara 29, ma'aikacin kamfanin kwangila na Booz Allen Hamilton, ya bayyana fuskarsa daga ɗakin otal a Hong Kong ya ce shi ne ya fitar da takardun; shi ne Snowden. Daga baya Clapper ya ce amsar da ya ba Wyden ita ce mafi ƙarancin ƙarya da ya iya bayarwa. Ba a taɓa gurfanar da shi ba, ya ci gaba da zama a kujerarsa har Janairun 2017.

To, cikin mutanen nan biyu an yi ta jifan ɗaya da kalmar cin amana. Shugaban majalisar wakilai na lokacin John Boehner ya faɗa, tsohon mataimakin shugaban ƙasa Dick Cheney ya faɗa, Sanata Dianne Feinstein ita ma ta ce aikin cin amanar ƙasa ne. Abin mamaki shi ne Amurka na daga cikin ƙasashen da suka ɗaure wannan kalma da igiya mafi gajarta. Shi kaɗai ne laifin da kundin tsarin mulkinsu ya zauna ya fayyace ma'anarsa, a sashe na 3: ɗaukar makami a yaƙi ƙasar, ko haɗa kai da abokan gabanta a ba su taimako da mafaka. Kuma ba a kama mutum da shi sai shaidu biyu sun ga aiki guda a zahiri, ko shi da bakinsa ya amsa a gaban kotu. Waɗanda suka rubuta kundin a 1787 sun san abin da suke gudu. Sun karanta tarihin Ingila, inda dokar 1351 ta sa ko ƙulla mutuwar sarki a zuci cikin cin amana, alƙalai kuma suka yi ta buɗa ta har ta zama ragar kama duk wanda fada ba ta so. Su kansu a idon Sarki George na Uku maciya amana ne. Don haka suka ƙuntata ƙofar da gangan.

Shi ya sa masu gabatar da ƙara, waɗanda aikinsu na gaban alƙali ne ba gaban kyamara ba, ba su tuhumi Snowden da cin amanar ƙasa ba. Tuhuma uku ce: satar kayan gwamnati, da biyu a ƙarƙashin dokar leƙen asiri ta 1917. Ko Chelsea Manning, wadda kotun soja ta yanke wa shekara 35 a 2013 kan takardun da ta ba WikiLeaks, shafin da ke wallafa bayanan sirri, an wanke ta daga tuhumar taimakon abokan gaba. 'Yan siyasar da suka furta kalmar sun san duk wannan. Sun furta ta ne don kunnen jama'a.

Mu masu Hausa ma mun fi su sa'ar fassara, domin kalmarmu da kanta tana tona tambayar. Amana abu ne da wani ya danƙa maka. In an ce an ci amana, dole a tambaya: wa ya ba da ajiyar, wa ya karɓa? Gaskiya ne Snowden ya sa hannu a takardar riƙe sirri, kuma ya saɓa. Wannan amana ce tsakaninsa da waɗanda suka ɗauke shi aiki. Amma akwai wata da ta girme ta. Jama'a ne suka danƙa wa gwamnati iko da kuɗin haraji da izinin yin wasu abubuwa a ɓoye, bisa sharaɗin za ta tsaya cikin doka kuma ba za ta yi wa wakilansu ƙarya ba. Idan mai ajiya ya fara buɗe akwatin mai kaya da dare, yaron gidansa ya je ya tsegunta wa mai kayan, yaron ya saɓa wa maigidansa, ba musu. Sai dai ba maigidan ne ya dace ya fara ihun an ci amana ba. Dabarar duka tana wurin haɗa gwamnati da ƙasa a mayar da su abu guda, ta yadda wanda ya kunyata ma'aikata sai a ce ya cuci al'umma.

Kuma ba ra'ayina kaɗai ba ne cewa an buɗe akwatin. A Mayun 2015 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya a New York ta ce sashe na 215 na dokar Patriot, ta yaƙi da ta'addanci, bai ba da izinin wannan shiri na tara bayanan kiran waya na kan mai uwa da wabi ba. Wata guda bayan nan majalisa ta yi sabuwar doka ta taka wa shirin birki. A Satumban 2020 wata kotun ɗaukaka ƙarar ta sake cewa shirin haramtacce ne. Hukumar da gwamnati da kanta ta kafa don sa ido kan 'yancin jama'a ta ce a rahotonta na Janairun 2014 ba ta ga wani binciken ta'addanci ko ɗaya da shirin ya sauya sakamakonsa ba. A Turai ma kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta yanke a 2021 cewa tsarin Birtaniya na tatsar bayanai da yawa ya keta haƙƙin sirri.

Na san abin da wasu za su ce: ai ba muryar mutane ake saurare ba, lambobi ne kawai da lokaci. Ɗauki lambobin mace guda na yini ɗaya. Ta kira asibitin masu cutar daji da safe, minti goma sha biyu. Ta kira 'yar'uwarta, awa guda. Ta kira kamfanin inshora, sannan lauya. Ba ka ji kalma ko ɗaya ba, amma me ya rage da ba ka sani ba? Michael Hayden, wanda ya shugabanci NSA da CIA, ya faɗa a fili a 2014 cewa suna kashe mutane bisa irin waɗannan bayanai. Ƙasar da hukumar FBI ta bi Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙar fata, da na'urar saurare har ɗakin kwanansa ba ta da bakin cewa a yarda da ita kawai.

Yanzu ga 'yan jarida, inda abin ya fi ba ni takaici. Cikin kwanaki kaɗan aka bar jaki ana dukan taiki. Takardun na gefe, ana ta tono a kan mutumin: bai gama sakandare ba, budurwarsa 'yar rawa ce, girman kai ne ke damunsa, yau yana ina, wane jirgi zai hau. 'Yan jarida sun cika jirgin Mosko zuwa Havana suna ɗaukar hoton kujerar da aka zaci zai zauna, alhali babu kowa a kai. Labarin farauta ya fi daɗin sayarwa a kan bayanin sashe na 215, wannan kowa ya sani. Amma akwai abin da ya wuce neman kasuwa. Ranar 23 ga Yuni, David Gregory na tashar NBC ya dubi Glenn Greenwald, ɗan jaridar da ya buga labarin, ya tambaye shi me zai hana shi ma a tuhume shi da laifi tunda ya taimaka wa Snowden. Ɗan jarida ne ke yi wa ɗan jarida wannan tambaya, a madadin hukuma, ba tare da hukumar ta roƙe shi ba.

A Landan abin ya ma fi haka. A watan Yuli na 2013 editocin Guardian suka sauka ɗakin ƙasa na ofishinsu da injin huda da na gurza ƙarfe, suka farfasa kwamfutocin da takardun ke ciki, jami'ai biyu na GCHQ, hukumar tatsar bayanai ta Birtaniya, na tsaye suna kallo. Kowa a ɗakin ya san akwai kwafi a Amurka da Brazil. Ba a yi don kare sirri ba, an yi ne don a nuna wa ke da ƙarfi. A watan Agusta aka tsare David Miranda, abokin zaman Greenwald, awa tara a filin jirgin Heathrow a ƙarƙashin dokar ta'addanci. A Disamba kuma shugaban wani kwamitin majalisa, Keith Vaz, ya tambayi editan jaridar Alan Rusbridger ko yana ƙaunar ƙasarsa. Kun ga kalmar nan ta sake dawowa, ta canza riga kawai.

Wanda ya fi ɗaure mini kai shi ne na Washington Post. Ta karɓi takardun, ta buga, ta raba lambar yabon aikin jarida ta Pulitzer da Guardian a 2014 saboda su. A Satumban 2016 sai shafin ra'ayin jaridar ya fito ya ce kada a yi wa Snowden afuwa. Na san masu rubuta ra'ayi daban, masu kawo labari daban, amma sunan gida ɗaya ne a saman shafin. An ci naman, an ce a kama mafarauci. Ita kuwa New York Times, a 2004 ta samu labarin sauraren waya ba izinin kotu, gwamnatin Bush ta lallashe ta, ta danne shi har Disamban 2005, bayan an gama zaɓe. Wanda ke tambayar me ya sa Snowden ya tsallake ta ya nemi wasu, amsar kenan.

To laifinsa fa? Yana da shi, kuma masoyansa suna cutar da hujjarsu in suka ɓoye. Ya kwashi takardu fiye da abin da ya shafi haƙƙin Amurkawa. Ya gaya wa jaridar South China Morning Post cewa NSA na kutse a cibiyoyin Hong Kong da China, kuma leƙen asirin wata ƙasa aiki ne da kowace gwamnati ke yi, ba saɓa kundin Amurka ba ne. Haka batun tatsar wayar Angela Merkel, shugabar gwamnatin Jamus ta lokacin: abin kunya ne tsakanin ƙawaye, amma ba irin laifin Verizon ba ne. Ba mutum ɗaya da ya isa ya yanke shi kaɗai abin da ƙasa za ta ɓoye, kuma hukumar leƙen asirin da kowane ma'aikaci ke fitar da abin da ransa bai so ba, ba hukuma ba ce. Zamansa a Rasha ma ba abin ado ba ne, balle da Putin ya ba shi takardar zama ɗan ƙasa a 2022. Ko da yake a tuna Amurka ce ta soke fasfonsa, ya maƙale a filin jirgin Sheremetyevo sama da wata guda, kuma da aka yi zaton yana cikin jirgin shugaban Bolivia Evo Morales, sai da wasu ƙasashen Turai suka rufe sararin samaniyarsu jirgin ya sauka a Vienna. Duk waɗannan abubuwan tuhuma ne da za a iya aunawa ɗaya bayan ɗaya. Kalmar cin amana kuwa ba ta auna komai, rufe ma'aunin take yi.

Sai masu cewa in namiji ne ya dawo gida ya fuskanci shari'a kamar Daniel Ellsberg, wanda ya fitar da takardun yaƙin Vietnam a 1971. Ellsberg kansa, kafin rasuwarsa a 2023, ya sha ba su amsa. A shari'arsa da ya buɗe baki zai faɗi dalilinsa, alƙali ya hana. Bai tsira don an ji hujjarsa ba, ya tsira ne a 1973 saboda an gano mutanen shugaban ƙasa Nixon sun fasa ofishin likitansa. Dokar 1917 ba ta tambayar me ya sa ka yi, ba ta bambanta wanda ya sayar wa ƙasar waje da wanda ya ba jarida. Sannan ba kowa take ciza ba. Janar David Petraeus ya ba matar da ke rubuta tarihinsa, wadda yake nema, littattafansa masu ɗauke da manyan sirrika. A 2015 ya amsa ƙaramin laifi, aka ci shi tarar dala 100,000 da sa ido na shekara biyu, bai kwana a gidan yari ba. Reality Winner, ƙaramar ma'aikaciyar kwangila da ta aika wa 'yan jarida takarda guda, wata 63 aka yanke mata.

Snowden ya sha faɗin cewa zai koma idan za a bar shi ya gaya wa masu taya alƙali hukunci dalilin abin da ya yi, su auna da kansu. Ni ma irin shari'ar da nake son gani kenan, a baje takardun Verizon da na Hong Kong duka a kan tebur guda, a kira Clapper ya ba da shaida. Abin da gwamnati ta yi alkawari a rubuce shi ne wanda ke cikin wasiƙar ministan shari'a Eric Holder zuwa ga takwaransa na Rasha a Yulin 2013: ba za a nemi a yanke masa hukuncin kisa ba, kuma ba za a azabtar da shi ba.