Mun Ƙoshi da Waye Kai, Ku Kawo Sange da Magani

Shekara shida ke nan ina aikin rele na kiwon lafiya a unguwarmu, nan cikin garin Tawa. Ga wanda bai san rele ba, mu ne ake ba ƴar riga mai tambari da rajista da alli, mu bi gida gida muna sallama: ina yara ƴan ƙasa da shekara biyar, ina masu ciki, ina sangenku. Ba mu da albashi, sai ɗan na goro in an yi kamfe. Ƙafata ta taka kowane lungu, kunnena ya sha zagi iri iri, don haka yau ku bar ni in amayar da abin da ke cikina. Ba zan kama sunan kowa ba, mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as.

Cikin watan Satumba ɗiyar ƙanwata, ƴar shekara uku, ta kwana huɗu a gadon likita har da ƙarin jini. Masassarar cizon sauro ce. Yarinyar nan kuwa tana cikin rajistata, ni da hannuna na rubuta ta.

Bari in faɗi yadda maganin rigakafin masassara na damina yake, don kada a ce zafin rai kawai ke sa ni magana. A 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ƙasashen Sahel shawarar a dinga ba yara shi, Nijar ta fara a 2013. Yaro daga wata 3 zuwa wata 59 ake ba, sau ɗaya kowane wata, zagaye huɗu daga Yuli zuwa Oktoba. Ranar farko ƙwaya biyu yake sha a gabanmu, sauran biyun mu bar wa uwa, ɗaya gobe ɗaya jibi. Ƙwayar nan mai ruwan ɗorawa da ɗaci take, in yaro ya amayar nan take sai an jira an sake ba shi. Ƙarfin maganin kamar kwana 28 yake yi a jiki. Ka ga ke nan, in zagaye ya wuce yaro, an bar shi tsirara gaban sauro a daidai lokacin da sauro ya fi ƙarfi.

Yuli mun raba, Agusta mun raba. A Satumba, rana ta uku da hantsi, magani ya ƙare a jakata, saura gida goma sha ɗaya ban shiga ba, har da na ƙanwata. Dalili? Da lissafin bara waccan aka aiko mana da kaya, kamar dai mata sun daina haihuwa, kamar babu wanda ya taso daga ƙauye ya tare a gari. Na kira mai duba aikinmu, yaro matashi mai babur da tabarau. Ya ce, "Tanti, gobe in sha Allahu." Gobe ta zama jibi, jibi ta zama gata. Ranar da ya zo karɓar takardu sai ya rage murya ya ce, "Tanti, ki dai sa alli a bangon gidajen, don rahoto ya cika. A wata mai zuwa mu gyara." Na ce masa, ɗana, allin nan sauro zai karanta? Ban sa ba. Amma ni dai na san ba kowace rele za ta iya cewa a'a ba, don wanda ke sa hannu a biya ki shi ne ke roƙonki.

Bayan sati biyu, ƙarfe biyu na dare, ƙanwata ta buga mini ƙofa. "Yaya, ki fito, ta sanƙare!" Jikin yarinya kamar garwashi, ido ya kakkafe, haƙora sun datse. Da kyar muka samu mai adaidaita, ya ce jika biyu, ba mu tsaya ciniki ba. A likita muka iske ma'aikaciya ɗaya tal da fitilar salula, mata kwance a baranda kowa da nata ɗa. Ban ga laifinta ba ko kaɗan, baiwar Allah tun safe take tsaye. Ta ce ɗan abin gwajin jinin nan da ake ɗiga wa jini a jira minti sha biyar ya ƙare tun shekaranjiya, allurar ma babu, ga ordonansi. Mijin ƙanwata ya hau babur ɗin aro yana neman farmasin da ke buɗe. Kafin gari ya waye jika goma sha huɗu sun tafi, aka tura mu babban asibiti, aka ɗebi jinin uban aka sa wa ɗiya. Sai da ya sayar da tunkiyar da yake kiwo.

Tun 2006 aka ce jinyar yaro ɗan ƙasa da shekara biyar kyauta ce a ƙasar nan. A takarda haka ne. Amma in kanta ta wofinta, kyautar me za a ba ka? Gaisuwa?

Allah ya tashi kafaɗunta, alhamdu lillahi. Ban gama huce wannan ba sai ga 15 ga Oktoba, wai ranar wanke hannu ta duniya. Wata ƙungiya ta iso unguwarmu da katkat uku farare ƙal, rumfa, kujeru, lasifika, da bandarol mai faɗin zane uku. Ni aka sa na tara mata tun ƙarfe takwas, manya ba su iso ba sai sha ɗaya saura. Aka girke bokiti mai famfo da sabulu sabo, aka jera yara suna wanke hannu, mai hoto na durƙusawa yana tashi. Wani mai kwat ya yi jawabi da Faransanci, aka fassara mana cewa yawancin cututtukan yara jahilci da sakacin iyaye mata ke kawo su. Ƙanwata na zaune a gefena da yarinyar a cinya, tabon allura bai ma baje daga hannunta ba.

Wata tsohuwa da duk unguwa ke kira Inna ta ɗaga sandarta. Ta ce, "Ɗan nan, mun ji, Allah ya yi albarka. To da wane ruwa? Famfonmu sai tsakar dare yake zuwa, in ya ga dama. Bido guda dala goma wurin ga-ruwa. In sha, in dafa, ko in wanke hannu sau biyar?" Mai kwat ya yi murmushi ya ce tambaya ce mai muhimmanci, za su kai ta gaba. Da aka tashi, wallahi ina kallo, direba ya zubar da sauran ruwan, ya ɗauki bokitin da sabulun ya sa bayan mota. Gobe akwai wata unguwar da za a ɗauka hoto.

Wannan kalmar ta jahilci ita ce ke ƙona mini rai. Wace mace ce a Adar yau ba ta san sauro ke kawo masassara ba? Rediyo ya faɗa, malamai sun faɗa a masallaci, mai shela ya zagaya kasuwa, an faɗa wurin awo, mu ma mun faɗa har muryarmu ta dishe. Kanmu ya waye har ya gaji da wayewa. Tusa ba ta hura wuta. Ka ce wa mace ta kwana cikin sange, ina sangen? Ƙa'idar rabo, sange ɗaya ga mutum biyu, kuma bayan kamar shekara uku a sake don maganin da ke jikinsa ya gushe. A rabon da ya wuce gidanmu mutum goma sha huɗu aka ƙidaya, aka rubuta a tikiti. Bakwai ya kamata. Muka yi layi cikin rana, aka miƙo uku, aka ce haka aka ƙayyade. Bayan kwana kaɗan na ga irinsa sak a kasuwa, cikin ledarsa, da rubutun da ke cewa ba na sayarwa ba ne, jika ɗaya da rabi. Ƙafa ya yi ya kai kansa?

Ba na wanke mu tas. Na ga wanda ya kewaye ƴan tsakinsa da sange, na ga wanda ya rufe irin albasa da shi, na ga uwar da ta ɓoye ƙwayar gobe da jibi wai sai yaro ya kamu ta ba shi. Waɗannan ni ke faɗa da su, kuma zan ci gaba. Amma kada a ɗauki laifin mutum uku a rufe bakin mutum ɗari.

Ga kuma ruwan kwance. Kowa ya san tabkin Babaye, kowa ya san yadda lungunan gari ke zama bayan ruwan sama, kanibo cike da leda da yashi, ruwa ya yi kore. Sati guda zuwa kwana goma ya isa ƙwan sauro ya zama mai cizo. Na tambayi ƙungiya ta fi uku ko za su taimaka mana da shebur da baro da mota ɗaya ta ɗauke shara, samarinmu su yi aikin gayya. Amsa ɗaya ce: ba ya cikin tsarin aikinmu. Kowace da tata cutar, kamar an raba gado. Wannan ta tamowa ce, waccan ta wanke hannu, waccan ta tazarar haihuwa. Kowace da rajistarta, kowace da tambayoyinta, kuma tambayoyin iri ɗaya ne. Mace guda sai a tambaye ta shekarun ɗiyanta sau biyar a shekara. Wata ta taɓa ce mini, "Ke kam kullum rubuta mu kike, yaushe za a karanta?"

Ranar yaƙi da masassara ta duniya ma, 25 ga Afrilu take faɗowa, lokacin da Tawa ke tafasa, kowa na kwana a tsakar gida, ko sauron ma ya nemi mafaka. Ranar ce ake raba riguna da huluna. Agusta kuwa, sa'ad da gadon likita ke ɗaukar yaro biyu har uku, ka nemi katkat ka rasa. Suna Yamai wurin atiliye, a ɗaki mai sanyi, ana shan shayi da nama ƙarfe goma, ana sa hannu a karɓi kuɗin zama. Ni kuwa ɗan hakkina na zagayen Yuli sai da aka yi girbi ya shigo salulata, shi ma da ragi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kada wani ya ɗauka ina ƙin rigakafi. Ni shaida ce a kan amfaninsa. Mahaifiyata har ta koma ga Allah da tabon kurkunu a ƙwaurinta, ta sha ba mu labarin damina guda da rabin ƙauyensu ya kasa zuwa gona. Yau ɗiyana ba su ma san sunansa ba, tun 2013 aka tabbatar babu shi a Nijar. Da me aka ci shi? An miƙa wa kowace mace ƙyallen tace ruwa a hannunta, an haƙa rijiyoyi, an sa mutum a kowane ƙauye yana lura. Sanƙarau da ke ɗibar mutane duk bazara, lambar da aka fara a 2010 ta karya lagon irin da ya fi addabarmu, ko da yake wani irin ya zo ya yi ɓarna a Yamai a 2015. A Janairun 2025 Nijar ta zama ƙasa ta farko a Afirka da aka tabbatar ta rabu da makantar da ƙudan bakin kogi ke kawowa. Allurar masassara ma an fara ta a Gaya a 2024. Aiki ne na gaske, mutane ne suka yi shi, wasunsu a cikin ƙungiyoyin nan suke. Shi ya sa ba zan karɓi bokitin hoto a matsayin aiki ba, na ga yadda na gaske yake.

Abin da na fi tsoro, yardar mutane ce ke zubewa. Da na je da ɗigon shan inna, wani maigida ya tare ni a zaure ya ce, "Hajiya, abin da ba mu roƙa ba kuna kawo shi har gado, wanda ke kashe mana ɗiya kullum ya ƙare." Na zauna na lallashe shi har ya fito da yaran, don na san abin da shan inna ke yi wa ƙafa. Amma da wane baki zan koma gidan nan in maganin damina ya sake ƙarewa? Ni suka sani, ni suke gani a wurin biki da wurin gaisuwar mutuwa. Mai kwat ko hanyar gidansu bai sani ba.

Jiya da la'asar yaron nan mai babur ya sake kira. Wai ranar Alhamis akwai baƙi daga Yamai, in tara mata talatin, kuma don Allah su sa kaya masu tsabta saboda hoto. Na ce masa to, ɗana, za su zo. Gida goma sha ɗayan nan da ban sa wa alli ba, yara goma sha tara ne a cikinsu, bakwai sun kwanta, ɗaya ba ta tashi ba. Iyayensu zan tara, kowace da karnen awon ɗanta da ordonansin da ta biya. Inna ta ce a ajiye mata kujerar gaba.