Mutum-mutumi a makarantun jinya: ya rage nisa, bai ƙara malamai ba

A shekarar 2021, makarantun koyon aikin jinya na Amurka sun mayar da takardun neman shiga 91,938, kuma duk na waɗanda suka cika sharuɗɗa ne. Ƙungiyar kwalejojin jinya ta ƙasar, AACN, ita ce ta fitar da adadin. A 2023 ya sauko zuwa 65,766, wanda shi ma ba ƙaramin abu ba ne. Waɗannan matasa ba faɗuwa jarrabawa suka yi ba. Makarantun ne suka ce ba su da isassun malamai, ba su da isassun asibitocin da za su tura ɗalibai koyon aiki, ga ƙarancin azuzuwa da kuɗi. Wannan kuwa a ƙasar da asibitocinta ke kukan rashin nas-nas, har suna zuwa Filifin da Indiya da Najeriya suna ɗebowa.

Cikin dabarun da aka gwada don toshe wannan giɓi akwai wadda ta fi ɗaukar hankalin 'yan jarida: mutum-mutumin da malami ke tuƙawa daga nesa. Ba irin wanda ke tunani da kansa ba ne. Na'ura ce mai tayoyi, tsayinta kusan na mutum, a samanta akwai allo da kyamara da lasifika. Malama tana zaune a gidanta ko a wani gari, ta buɗe kwamfuta, fuskarta ta bayyana a allon, ta tuƙa na'urar cikin ɗakin koyarwa, ta tsaya bakin gado, ta juya kai, ta yi tambaya a ba ta amsa. Kamfanin InTouch Health na jihar Kalifoniya ya ƙera irinta mai suna RP-7 domin likitoci su riƙa duba marasa lafiya a asibitocin da ba su da ƙwararru. A ƙarshen shekarun 2000 Jami'ar Wright State da ke Dayton a jihar Ohayo ta ɗauko ta ta shigar da ita koyar da jinya, tana cikin na farko da suka yi haka. Daga baya makarantar jinya ta Jami'ar Duke ta yi amfani da wata mai rahusa ta kamfanin Double Robotics, wadda iPad ce kawai a kan sanda mai tayoyi, domin ɗalibanta na nesa masu karatun gaba da digiri su shiga atisaye tare da na cikin makaranta.

Ra'ayina shi ne dabarar tana da amfani na gaske, kuma duk wanda ya yi mata dariya bai duba ta da kyau ba. Amma masu tallata ta a matsayin maganin ƙarancin malamai suna ɗora mata kayan da ba za ta iya ɗauka ba.

Amfaninta ya fi fitowa a ɗakin atisaye. A manyan makarantun jinya akwai ɗaki da aka shirya kamar na asibiti, a kan gadon akwai 'yar tsana mai girman mutum wadda ke numfashi, zuciyarta na bugawa, tana iya nishi, ana iya sa bugun jininta ya faɗi a kowane lokaci. Ɗalibai uku ko huɗu suna kanta. Kwatsam injin awo ya fara ƙara, numfashi ya yi ƙasa. Ɗaya ta ruga neman iskar oksijin, ɗaya ta tsaya ƙiƙam ta manta abin da aka koya mata. Sai na'urar ta gangaro ta tsaya gefenta, muryar malama ta fito: "Me kike gani a injin? Me za ki fara dubawa?" Malamar tana iya matso da kyamara ta ga ko an ɗaura abin awon jini daidai, ko an karanta sunan maganin kafin a zuƙa. Kyamarar da aka kafe a bango ba ta yin wannan, domin ba ta bin ɗalibi, kuma ɗalibi ba ya jin cewa akwai wanda ke tsaye a kansa. Rahotannin da aka wallafa daga irin waɗannan gwaje-gwaje sun nuna ɗalibai suna sabawa da ita da wuri.

Atisayen nan kuma ba wasan yara ba ne. A 2014 majalisar hukumomin jinya na jihohin Amurka, NCSBN, ta fitar da sakamakon wani babban bincike da ya nuna za a iya maye gurbin har rabin sa'o'in koyon aiki a asibiti da atisaye mai inganci, ba tare da ɗalibai sun ragu da komai ba. Sai dai binciken ya gindaya sharaɗi, wato a samu malaman da aka horar sosai, a kuma riƙa zama bayan atisaye ana bitar abin da ya faru. Wannan zaman bita, inda ake tambayar ɗaliba dalilin da ya sa ta yi abin da ta yi, magana ce zalla, kuma malamin da ke nesa zai iya jagorantarsa ba tare da wata tawaya ba.

Akwai kuma batun tsufa. Matsakaicin shekarun farfesoshin jinya a Amurka ya haura 60, kuma wani nazari da aka buga a 2017 ya yi hasashen kusan kashi ɗaya cikin uku na malaman za su yi ritaya kafin 2025. Malamar da ta shekara 35 tana aiki, gwiwa ta gaji, ba za ta iya yin tuƙin awa biyu ko tsayuwar yini a asibiti ba, amma kanta cike yake da ilimi. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, kuma irin wannan ido da ke gane mara lafiya ya fara rikicewa tun kafin inji ya yi ƙara, shekaru ne ke samar da shi. Idan na'ura za ta sa ta ƙara wasu shekaru tana koyarwa daga falonta, wannan riba ce babba. Haka ma reshen makaranta da ke ƙauye, wanda ba zai taɓa samun ƙwararren malamin jinyar jarirai nasa na kansa ba.

To amma a nan iyakarta take. Malama ɗaya ce dai, da sa'o'inta na yini ɗaya. Na'urar ta cire mata wahalar hanya, ba ta raba ta gida biyu ba. Idan tana duba ɗalibai takwas a wani gari, ba ta duba wasu takwas a nata garin. Kuma ɗakin da na'urar take ciki yana buƙatar mutum: wanda zai shirya kayan, ya sarrafa 'yar tsanar, ya yi cajin na'urar, ya buɗe mata ƙofa, ya gyara idan intanet ya yanke. Sau da yawa wannan mutumin shi ma malami ne.

Sannan ba ta da hannu, alhali rabin aikin jinya hannu ne. Duk wanda ya taɓa ganin ɗaliba tana koyon sa allurar ƙarin ruwa ya san yadda abin yake. Ta ɗaure dantse, ta shafa, ta kasa ganin jijiya. Malama ba dogon bayani take yi ba. Kama yatsan ɗalibar take yi ta ɗora a wurin, ta ce "Ji nan, kin ji tana motsi?" Sai ta ɗan kwantar da hannunta don allurar ta shiga a kwance. Cikin daƙiƙa kaɗan an koyar da abin da lacca ba ta koyarwa. Haka ake koyon juya mai shanyewar ɓarin jiki ba tare da an ji masa ciwo ba, haka ake koyon gane warin raunin da ya fara ruɓa. Kuma a gadon mara lafiya na gaske, idan ɗaliba ta ɗauko maganin da ba shi ba, ana buƙatar wanda zai riƙe hannunta a take, ba murya daga lasifika ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda maganar na'ura ke kawar da ido daga asalin cutar. Amurka ba ta rasa ma'aikatan jinya masu ilimin koyarwa ba. Abin da ta rasa shi ne dalilin da zai sa su zaɓi aji. Koyarwa a jami'a tana buƙatar digiri na biyu ko na digirgir, shekaru da bashin karatu, amma mai irin wannan ilimi idan ta tsaya a asibiti tana samun albashin da ya zarce na malamar jami'a da dubban daloli masu yawa a shekara. AACN da kanta tana lissafa wannan tazara cikin manyan dalilan da suka sa guraben malamai ke zama babu kowa. Sayen na'ura abu ne da shugaban makaranta zai yi sau ɗaya, a ɗauki hoto, a buga a jarida. Ƙarin albashi kuwa kowace shekara ake biyansa, kuma ba a kiran 'yan jarida su ɗauka. Ba sai an faɗa ba, an san wanda ya fi sauƙin amincewa a taron kasafin kuɗi.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye, domin giɓin da ƙasashe masu arziki suka kasa cikewa a makarantunsu, a asibitocinmu suke cike shi. A farkon 2024 hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta Najeriya ta ce sama da ma'aikatan jinya 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. A rajistar ma'aikatan jinya ta Birtaniya, 'yan Najeriya ne na uku cikin baƙi, bayan Indiya da Filifin. Gwamnatin tarayya ta mayar da martani da ƙara adadin ɗaliban da makarantun kiwon lafiya za su ɗauka daga 28,000 zuwa 64,000. Madalla da ƙarin, amma wa zai koyar da su? Waɗanda ke tafiya ai ba sababbin shiga kaɗai ba ne, har da ƙwararrun da ya kamata a ce su ne ke tsaye kan ɗalibai a ɗakin haihuwa da ɗakin yara. A Arewa mun ga wannan tun a shirin Women for Health, wanda Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2012 a Kano da Katsina da Jigawa da Zamfara da Yobe: kafin a ƙara ɗalibai mata sai da aka koma kan horar da malamai da gyara makarantu, domin hukuma ba ta ba makaranta cikakken izini idan malamanta ba su kai ba.

Don haka ina tsoron ranar da wani ɗan kwangila zai shawo kan wata gwamnatin jiha ta sayo irin waɗannan na'urori da sunan zamani. Na'urar tana buƙatar wutar da ba ta ɗaukewa, da intanet mai ƙarfi a kowane lungu na ginin, da daɓe mai santsi, da mai gyara a kusa. Makarantar da ɗalibai ke karatu da fitilar waya ba nan ne matsalarta take ba, kuma mun san makomar kayan da ake sayowa ba tare da tanadin gyara ba.

Abin ɗauka daga gwajin Amurka shi ne tunanin da ke bayansa, cewa malamin da ya yi nisa bai zama asara gaba ɗaya ba. Muna da 'ya'yanmu a asibitocin Ingila da Saudiyya da Kanada waɗanda da yawansu za su yarda su ba da awa biyu a mako. Muna da tsofaffin malamai da suka yi ritaya a Zariya da Sakkwato da Maiduguri, lafiyarsu ƙalau. Babban allo, waya mai kyamara a hannun ɗalibi ɗaya, da sola, sun isa a yi darasin magunguna, a yi bitar atisaye, a tattauna matsalar mara lafiya. Kuɗin na'ura ɗaya zai iya tanadar wa azuzuwa da dama wannan. Sharaɗin da zan nace a kai shi ne kada hukumar jinya ta taɓa ƙirga malamin allo cikin adadin malaman da ake buƙata kafin a ba makaranta izini ko a ƙara mata gurabe. A ƙirga wanda ke cikin ginin, wanda zai bi ɗalibai zuwa asibiti da safe. Sannan jihohi su biya wa nas-nas masu sha'awar koyarwa kuɗin ƙaro karatu, su kuma daidaita albashi da alawus ɗinsu ta yadda barin asibiti zuwa aji ba zai zama ragin samu ba.