Man U: ana sayar da yaran gida don a biya kuɗin kuskuren manya

Tun da aka rufe kasuwar 'yan wasa a farkon Satumban 2025 magoya bayan Manchester United suka rabu gida biyu. Duk inda ka zauna, gidan kallo ne ko teburin mai shayi ko zauren WhatsApp, musun ɗaya ne. Wasu na cewa har yanzu ba a sayo manyan 'yan wasan da suka dace ba, a ƙara zuba kuɗi. Wasu kuma na cewa ɓarnar ta isa haka, a koma wa yaran gida kamar zamanin Ferguson. Ni ɗan Man U ne, na jima ina shan tsiya a hannun 'yan Arsenal da Liverpool, kuma a ganina dukkan ɓangarorin biyu sun kauce wa inda ciwon yake.

Masu cewa a ƙara kuɗi, don Allah wane irin kuɗi ne ba a zuba ba? Ferguson ya ajiye aiki a 2013 da kofin lig na 20 na kulob ɗin a hannu. Daga nan aka buɗe bakin jaka. An sayo Di Maria a 2014 kan kusan fam miliyan 60, shekara ɗaya ya yi ya tsere PSG. Pogba, wanda ya bar kulob ɗin kyauta a 2012, an dawo da shi a 2016 kan fam miliyan 89, kuɗin da ba a taɓa sayen wani ɗan ƙwallo da shi ba a duniya a lokacin, sannan a 2022 ya sake tafiya kyauta, ko sisi ba a karɓa ba. Lukaku miliyan 75. Maguire miliyan 80. Sancho miliyan 73. Antony ya haura miliyan 80. Alexis Sanchez kuwa, da aka ɗora shi a kan albashin da ya rikita ɗakin 'yan wasa gaba ɗaya, ƙwallo 5 ya ci a wasa 45. Bayan duk wannan kashe-kashen, a kakar 2024/25 muka ƙare a na 15 da maki 42, an doke mu sau 18, ƙwallo 44 kacal muka zura a wasa 38. Rabon da a ga irin wannan abin kunya tun faɗuwar kulob ɗin daga babban rukuni a 1974.

Daren da Tottenham ta ci mu ɗaya da nema a wasan ƙarshe na kofin Europa a Bilbao, ina zaune a bencin baya na gidan kallon unguwarmu. Ana tashi, tun kafin mai gidan ya kashe janareto, wani dattijo da muke kira Kawu ya miƙe yana kaɗa hularsa yana cewa, "Ku saurare ni, yara, magani ɗaya ne, a sayo Osimhen, shi ke nan an gama." Rabin ɗakin suka ɗauki tafi. Na ce masa, "Kawu, to in an sayo shi wa zai ba shi ƙwallon?" Ya harare ni ya ce shi Osimhen da kansa yake nemo abarsa. Ban ja da shi ba, babba ne. Amma irin wannan tunanin na mutum ɗaya zai zo ya cece mu, shi ne dai tunanin da shugabannin kulob ɗin suka yi ta yi tun zamanin Ed Woodward, tsohon shugaban gudanarwar kulob ɗin. Da shi aka dawo da Ronaldo a 2021, ya ci ƙwallayensa, ƙungiyar ta ƙara lalacewa, aka rabu dutse a hannun riga a Nuwamban 2022.

Abin da ya fi tsadar 'yan wasan muni shi ne wa ake saya wa. Kowane koci ya zo sai a saya masa nasa mutanen. Van Gaal yana son a riƙe ƙwallo a yi ta juya ta, aka saya masa. Mourinho yana son ƙarti masu ƙarfi, aka saya masa. Solskjaer yana son masu gudu a kai farmaki da sauri, aka saya masa. Ten Hag kuwa kamar littafin lambobin wayarsa ya buɗe: Lisandro Martinez, Antony, Onana, De Ligt, Mazraoui, duk yaransa ne na Ajax. A Yulin 2024 aka tsawaita masa kwantiragi, aka sake kashe masa maƙudan kuɗi, a Oktoba aka kore shi. Sai aka ɗauko Amorim wanda ba ya wasa sai da 'yan baya uku, aka damƙa masa tawagar da aka gina don 'yan baya huɗu da 'yan gefe masu gudu. Dan Ashworth, wanda aka sha wahala kafin a raba shi da Newcastle don ya zama daraktan wasanni, wata biyar ya yi aka sallame shi. Kuma wannan a ƙarƙashin attajiri Ratcliffe ne da kamfaninsa INEOS, waɗanda muka yi ta murnar zuwansu a 2024 muna cewa an huta da sakacin 'yan gidan Glazer masu kulob ɗin.

Yanzu ga 'yan'uwana masu cewa a koma wa yara. Na fi kusa da ku a zuciya, amma labarin da kuke bayarwa rabinsa ne. Gaskiya ne a 1995 Ferguson ya sayar da Ince da Hughes da Kanchelskis, ya jefa Beckham da Scholes da Butt da 'yan gidan Neville cikin wasa. Gaskiya ne Aston Villa ta ci su uku da ɗaya a wasan farko, mai sharhi Alan Hansen ya ce ba a cin komai da yara, kuma a ƙarshen kakar suka ɗauki Firimiya da kofin FA. To amma su wa ke kewaye da yaran nan? Schmeichel ne a raga. Bruce da Pallister da Irwin a baya. Roy Keane a tsakiya, wanda aka sayo a 1993 kan kuɗin da ya kafa tarihi a Ingila a lokacin. Cantona a gaba, wanda da ya dawo daga dakatarwa shi ya riƙa cin ƙwallo ɗayan da ake tashi wasa da ita. Yaro in ya yi kuskure akwai mai gyara masa a cikin fili, akwai mai daka masa tsawa, akwai mai ɗauke masa nauyi. Kuma Ferguson ɗin da kuke kafa hujja da shi bai taɓa jin tsoron kashe kuɗi ba: Andy Cole, Rio Ferdinand, Rooney, Van Persie, duk da tsada ya sayo su. Bambancin shi ne ya san ramin da zai cike kafin ya je kasuwa.

Yaran yanzu ba haka suke shiga ba. A matsayin 'yan kwana-kwana ake jefa su, gobara na ci. Rashford ya fara wasa a Fabrairun 2016 ne saboda Martial ya ji rauni ana ɗumama jiki, ya ci Midtjylland biyu, bayan kwana uku ya ci Arsenal biyu, daga nan aka ɗora masa kulob ɗin gaba ɗaya a ka yana ɗan shekara 18. Kafin shi an yi wa Januzaj haka a zamanin Moyes, har aka ba shi lamba 11 ta Giggs, yau wa ke zancensa? Mu ma magoya baya muna da laifi a nan. Yaro ya yi wasa biyu masu kyau mu ce sabon Ronaldo ne, ya yi biyar marasa kyau mu bi shi shafinsa da zagi.

Amma abin da ya sa na zauna rubuta wannan dogon bayani shi ne lissafin da mutane da yawa ba sa kula da shi. Dokar kuɗi ta Firimiya da ke aiki a 2025 ta hana kulob yin asarar da ta wuce fam miliyan 105 cikin shekara uku. In ka sayi ɗan wasa kan miliyan 80 ka ba shi kwantiragin shekara biyar, ba a rubuta miliyan 80 a littafi lokaci ɗaya, ana raba ta ne, miliyan 16 duk shekara. In ka tashi sayar da shi bayan shekara biyu, littafi na cewa sauran darajarsa miliyan 48 ne, duk abin da ka karɓa ƙasa da haka asara ce a kanka. Shi ya sa waɗanda aka sayo da tsada suka gaza ba sa sayuwa, sai dai a yi ta tura su aro. Shi kuwa yaron da ya taso a makarantar kulob ba a sayo shi ba, darajarsa a littafi kusan babu, don haka duk abin da aka sayar da shi riba ce tsantsa, a shekarar take shiga. Kun ga inda aka dosa? Duk lokacin da shugabanni suka tafka kuskure a kasuwa, hanya mafi sauƙi ta daidaita littafi ita ce a kama yaron gida a sayar.

Haka aka yi da McTominay. Yaron da ya shiga kulob ɗin tun yana ɗan shekara biyar, aka sayar wa Napoli a Agustan 2024 kan kusan fam miliyan 25. Kafin shekara ta zagayo ya ɗauki kofin Serie A, an zaɓe shi gwarzon ɗan wasan gasar. Mu kuma muna nan muna neman ɗan tsakiyar da zai iya shiga da'ira ya ci ƙwallo. Elanga an ba Nottingham Forest shi kan miliyan 15 a 2023, a 2025 Newcastle ta saye shi kan kusan miliyan 55. Alvaro Carreras an sallama wa Benfica da araha, yau yana Real Madrid. Angel Gomes ya tafi Lille kyauta a 2020, daga baya ya buga wa Ingila. Dean Henderson ya tafi Crystal Palace, ya tare fenareti a wasan ƙarshe na kofin FA da Man City a Mayun 2025, ya ɗaga kofi, alhali mu golan da muka sayo da tsada, Onana, an tura shi aro Turkiyya. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

Na san abin da za a ce: ai McTominay bai taɓa yin irin wannan wasan a Man U ba, Italiya ce ta karɓe shi. Na yarda. To me ya sa? A nan shekaru aka yi ana ajiye shi a gaban 'yan baya yana aikin da ba nasa ba, a can kocin Napoli Conte ya matsar da shi gaba ya sake shi. Wannan ai ba wanke kulob ɗin ya yi ba, ƙara tona masa asiri ya yi. Kuma ba yaran gida kaɗai ba, Antony ma da ya je Betis sai ya zama mutum. In kowa ya fita daga gida sai ya warke, a daina tuhumar marasa lafiyar.

A wasan ƙarshe na kofin FA na 2024 da muka ci City biyu da ɗaya, Garnacho da Mainoo ne suka ci ƙwallayen, dukkansu ba su kai shekara 20 ba, kuma tare suka ɗauki kofin matasa na FA a 2022. Wannan ita ce rana mafi daɗi da muka gani a 'yan shekarun nan. A Agustan 2025 aka sayar da Garnacho wa Chelsea kan fam miliyan 40. Ba zan kare halinsa ba, yaron yana da baki, kuma ƙorafin da ya fito ya yi a bainar jama'a bayan wasan Bilbao bai dace ba. Amma tsarin Amorim dama ba shi da gurbin ɗan gefe irinsa, kuma kuɗinsa riba ce tsantsa a littafi, don haka ko da waliyyi ne da wuya ya tsira. Rashford an tura shi Barcelona aro a 2025. Mainoo, wanda ya fara wasan ƙarshe na kofin nahiyar Turai wa Ingila a 2024, ya fara kakar 2025/26 a benci, Amorim ya ce da Bruno yake takarar gurbi, wato da kyaftin ɗin da ba a cirewa. Har aro ya nemi a ba shi ya tafi aka hana.

Ana yawan alfahari da cewa tun Oktoban 1937 ba a taɓa fitar da tawagar wasa ba tare da yaron makarantar kulob a ciki ba. Abin alfahari ne, ban musa ba. Amma in abin ya koma a ajiye yaro ɗaya a benci don kada tarihi ya yanke, wa ake yaudara? An kashe fam miliyan 50 an gyara Carrington, cibiyar atisayen kulob ɗin, gini ya yi kyau. Shi uban da ke da yaro mai hazaƙa ɗan shekara 15 a Manchester ba gini zai duba ba, zai duba abin da ya faru da Mainoo ne kafin ya zaɓa tsakaninmu da City.

Sayayyar 2025 ba duka zan kushe ba. Cunha da Mbeumo sun san Firimiya, sun ci ƙwallaye a Wolves da Brentford, sun kai shekarun da ake ɗora wa mutum nauyi. Irin su ya kamata a yi ta sayowa tun tuni. Sesko ne ya tayar min da hankali, ba don ba shi da kyau ba, sai don labarin Hojlund ne ake maimaitawa: matashi, fiye da miliyan 60, daga wata gasar, a ce shi ne zai ɗauki gaba shi kaɗai. Hojlund ya ci 4 a Firimiya a kakar 2024/25 aka tura shi Napoli aro. An kashe kusan miliyan 200 a gaba, ba a sayo ɗan tsakiya ko ɗaya ba, Casemiro kuma a lokacin ya haura shekara 33. Sai ga Grimsby, ƙungiyar rukuni na huɗu, ta fitar da mu daga kofin Carabao a bugun fenareti 12 da 11.

Da za a tambaye ni, abu biyu nake so kafin a sake buɗe kasuwa a Janairun 2026. Kulob ya tsayar da irin ƙwallon da yake son bugawa, daga 'yan ƙasa da shekara 18 har babbar tawaga, ta yadda ko an sallami koci gobe wanda zai zo zai tarar da 'yan wasan da za su yi masa aiki. Sannan a nemo ɗan tsakiya mai ƙarfi, ɗan shekara 25 ko 26, mai iya kwasar gudu yana ƙwace ƙwallo, a ajiye shi kusa da Mainoo a bar yaron ya buga wasa goma sha biyar a jere, ya yi kuskurensa a cikin fili. In bayan haka bai yi ba, a sayar da shi, ba zan ce uffan ba. Amma in na ji an sayar da shi a Janairu don a samu kuɗin cike ramin Sancho da Antony, to Kawu ya shirya, wannan karon sai mun yi musun har mai gidan kallo ya kore mu.