Kuɗin Lesin

Ɗan Wayo, ɗan shekara 16, ya fara koya wa 'yan ajinsu lissafi bayan an tashi daga makaranta, in wata ya yi a biya shi. Yau ya zo karɓar haƙƙinsa wajen Marowaci, mahaifin Daƙiƙi.

Ɗan Wayo: Baba, ina wuni? Na zo ne kan 'yan kuɗin lesin ɗin nan.

Marowaci: Wane lesin? Kai da ajinku ɗaya da shi, ko gashin baki ba ka fara ba?

Ɗan Wayo: Ai ba a kaina farau ba, Baba. Tun 1798 wani Joseph Lancaster ya buɗe makaranta a Landan, ya koya wa manyan ɗalibai, su kuma su koya wa ƙanana. Malami ɗaya, yara ɗaruruwa.

Marowaci: Ya yi arziki?

Ɗan Wayo: (yana sosa ƙeya) Bashi ne ya yi masa katutu.

Marowaci: To ka ji. Ni sakamako nake saya. Kai, nawa ka ci?

Daƙiƙi: 30 cikin 100, Baba. Da 20 nake ci.

Marowaci: Maki goma ya ƙaru ke nan. Kashi 10 cikin 100 na kuɗinka zan ba ka.

Ɗan Wayo: Haba Baba! Goma ai rabin ashirin ne. Ƙarin kashi 50 cikin 100 ya samu.

Marowaci: Madalla, da bakinka ka faɗa. Rabi zan biya.

Daƙiƙi: Baba, bar kuɗinka, ni zan sallame shi.

Ya sunkuya ya zaro kuɗi a ƙudundune daga cikin safarsa.

Marowaci: Kai! Ina ka samo?

Daƙiƙi: Lesin nake yi. Abin da ya koya mini yau, gobe in koya wa wasu a rabin kuɗinsa. Yaransa takwas yanzu suna wajena.

Ɗan Wayo: Ashe kai ka kwashe mini benci biyu! Kai mai cin 30, me kake koya musu?

Daƙiƙi: Su 15 suke ci. Har Malam suke ce mini.

Marowaci: Tsaya. A ina kake tara su?

Daƙiƙi: A gidan nan, in ka fita.

Marowaci: (ya wafce kuɗin) Wannan na haya ne da wutar lantarki. Kai kuma yaro, ka dawo wata mai zuwa.